Babi na Shida: Keken da Ya Fi Ƙarfin Feda

A shekarar 2008 wani injiniya ɗan ƙasar Kanada mai suna Justin Lemire-Elmore ya hau keken da shi da kansa ya ɗaura wa injin lantarki, ya tashi daga Vancouver a bakin tekun Pasifik, bai juya ba sai da ya dangana da Halifax a bakin Atlantika. Tafiyar ta haura kilomita 7,000, ta kuma ci kimanin wata biyu. Duk inda ya yada zango sai ya nemi soket ya jona batirinsa. Da aka buga lissafi a ƙarshe, wutar da ya sha gaba ɗaya ba ta kai ta dala 10 ba.

Keke dai ba ya bukatar wani ƙarfi na a zo a gani kafin ya kai mutum nesa. Lafiyayyen mutum da ke taka feda a natse yana fitar da ƙarfin da bai wuce wat 100 zuwa 150 ba. Zakarun tseren Tour de France ma, idan suka kama hawan dutse, wajen wat 400 suke riƙewa, shi ma na ɗan lokaci. Wannan ya sa Tarayyar Turai da Birtaniya suka ga wat 250 ya wadatar, suka kuma ce injin ya janye hannunsa da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa. Amurka ta fi sakin mara: dokarta ta 2002 ta yarda da injin da bai kai wat 750 ba, da gudun kilomita 32.

Sai dai akwai wata jama'a da wannan lissafin bai dame ta ba. A garejin gidaje da ƙananan shaguna, daga Kaliforniya zuwa Rasha zuwa Ostareliya, ana haɗa kekuna masu wat 3,000, da 5,000, wasu har 10,000 da ɗoriya. Inji daga wannan kamfani, batir daga wancan, firam daga wani wuri can daban, mai shi ya zauna da sifana da abin awon wuta ya harhaɗa. Dabarar ma ba sabuwa ba ce. Tun a 1895 wani Ba'amurke ɗan jihar Ohio, Ogden Bolton, ya yi rajistar keke mai inji a cikin cibiyar tayar baya, wanda ke jan wuta har amfiya 100 daga batir mai volt 10. Abin da ya hana dabararsa tashi shi ne nauyin batiran zamaninsa. Sai da kamfanin Sony ya fito da batirin litiyam kasuwa a 1991, masana'antun ƙasar Sin kuma suka shiga ƙera injinan keke da miliyoyi, sannan mai ƙaramin ƙarfi ya iya sayen wat dubu biyar da kuɗin da bai kai na sabon babur ba.

Sayen ƙarfin shi ne mafi sauƙi a aikin nan. Inda gizo ke saƙa shi ne duk sauran sassan da za su ɗauki wannan ƙarfi, domin kowannensu an ƙera shi ne da ƙafar ɗan Adam a rai.

Kafin a kai ga sassa, ya kamata a san inda wutar ke tafiya. Iska ce ke cinye ta. Ƙarfin da ake bukata don keta iska ba ya hauhawa daidai da gudu. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin sai ya ninka takwas. Mutumin da ke zaune a miƙe kan keke yana kashe wat kimanin 100 wajen ture iska idan yana gudun kilomita 25. A kilomita 50, sai wat 800. A kilomita 80, abin ya haura 3,000. Shi ya sa mai neman gudun mota ba ya iya tsayawa a ƙaramin inji, kuma shi ya sa batirin da zai kai shi kilomita 200 a hankali ba zai wuce kilomita 50 ba idan ya murɗa totur har ƙarshe.

Injinan iri biyu ne, kuma magoya bayansu ba su cika shan inuwa ɗaya ba. Na farko shi ne wanda ake ɗaurawa a tsakiyar keke, a gurbin da feda ke juyawa, ya riƙa jan sarƙa tare da ƙafa. Mafi shahara a wannan gida shi ne BBSHD na kamfanin Bafang da ke birnin Suzhou, mai wat 1,000. Alfanunsa shi ne yana amfani da giyar keken, saboda haka hawan tudu ba ya ba shi wuya. Illarsa kuwa sarƙa ce ke ɗaukar ta. Wanda ya sauya giya alhali inji na ja zai ji ƙarar "ƙas", ya waiga ya ga sarƙarsa a titi. Ko da an kula, haƙoran giya na cinyewa da wuri.

Na biyu shi ne jikan dabarar Bolton, injin da ke zaune cikin cibiyar taya. Ba sarƙa, ba giya. Maganaɗisu ne jere a cikin gangar da ke juyawa, naɗin waya ta jan ƙarfe kuma na tsaye a tsakiya. Masu neman ƙarfi na gaske nan suka fi karkata, kuma sunan da aka fi ji a bakinsu shi ne QS205. A rubuce wat 3,000 ne, amma ana ɗura masa ninki biyu ko uku na ɗan lokaci bai ce uffan ba. Nauyinsa kaɗai ya haura kilo 12, wato ya kai nauyin wani keken sukutum. Siraran wayoyin tayar keke ba sa iya riƙe shi, don haka da yawa kan saƙa shi cikin rim ɗin ƙaramin babur mai inci 17 ko 19, su sa masa tayar babur. Sashe na farko na keken ya tafi ke nan.

Ga wani abu da sabon shiga ba ya hangowa. Lokacin da inji ke juya taya gaba, da irin wannan ƙarfin yake neman juya sandar cibiyarsa baya. Abin da ke hana sandar juyawa shi ne an fere gefenta biyu sun zama shafaffu, kaurin da ke tsakaninsu milimita 10 a yawancin injina, sai a zura ta cikin 'yar tsagar da ke ƙarshen firam. Tsagar nan an yi ta ne don ta riƙe taya kawai. Da yake sandar siririya ce, ƙarfin da take buɗa tsagar da shi a babban inji ya wuce tan ɗaya. Firam na baƙin ƙarfe yakan buɗe a hankali, ya ba da sanarwa. Na alminiyum ba ya sallama, tsagewa yake yi nan take. Idan sandar ta kufce ta juya, wayoyin da suka fito ta cikinta sai su nannaɗe su tsinke, su haɗu da juna, kwantirola, wato akwatin da ke rarraba wa injin wuta, ta ƙone. Idan kuwa a tayar gaba aka sa injin, tayar ce za ta fice, mahayi ya kifa da fuska.

Maganin wani farantin ƙarfe ne mai kauri da aka huda daidai siffar sandar, ya kama ta gam, ɗaya bakinsa kuma a ɗaure shi nesa a jikin firam. Kamfanin Grin Technologies na Lemire-Elmore na daga cikin waɗanda suka yi fice wajen ƙera shi. Masu manyan injina kan sa biyu, dama da hagu, irin masu matsewa da noti, musamman idan injin na taimakawa wajen birki yana mayar da wuta batir. A irin wannan yanayi sandar na murɗawa gaba ta murɗa baya, kuma babu notin da ba zai saki ba idan aka daɗe ana yi masa haka. Da yawa ma kan haƙura da firam ɗin keke gaba ɗaya, su sayi na musamman mai akwatin batir a ciki da kaurin ƙarfe a ƙafafun baya, irin siffar da kamfanin Stealth na Ostareliya ya yayata da kekensa Bomber mai gudun kilomita 80. Sashe na biyu ya tafi.

Tsakanin batir da inji akwai kwantirola, akwatin da ke karɓar umarnin totur yana rarraba wuta cikin manyan wayoyi uku na injin bi da bi, sau dubbai a daƙiƙa. Wasu 'yan na'urori uku a cikin injin ne ke gaya mata inda maganaɗisu yake a kowane lokaci. Ita ce ke yanke yawan amfiyar da za ta wuce, wato ita ce ke da wuƙa da nama kan ƙarfin keken, ba lambar da aka buga a jikin inji ba. Wat kuwa volt ne sau amfiya: batir mai volt 72 da kwantirola mai amfiya 80 sun ba da wat 5,760. Wasu kan sayi ta kamfani irin su Kelly, wasu kuma sun fi son VESC, wadda wani injiniya ɗan Suwidin, Benjamin Vedder, ya tsara ya kuma saki zanenta ga duk mai so.

Jarabar ƙara amfiya babba ce, tunda a kwamfuta ko waya ake yi, lamba ce kawai za a sauya. Zafi ne ke karɓar kuɗin. Idan amfiya ta ninka biyu, zafin da ke taruwa a naɗin waya ninki huɗu yake yi, injin cibiya kuwa a rufe yake ruf, babu inda iska za ta shiga. Mafi munin hali shi ne doguwar hawa a hankali da kaya: inji na shan wuta sosai amma ba ya juyawa da saurin da zai mayar da ita tafiya. Maganaɗisun da ake sawa, idan ƙaramin aji ne, kan fara rasa ƙarfinsa daga digiri 80, kuma abin da ya rasa ba ya dawowa. Gaba kaɗan fentin da ya lulluɓe wayar ya soye, warin kuma wanda duk ya taɓa shiga shagon masu naɗin fanka ya san shi. Masu hankali kan binne abin awon zafi cikin naɗin, su saita kwantirola ta rage wuta da kanta idan ya wuce digiri ɗari. Wasu kan ɗura wani baƙin ruwa mai bin maganaɗisu, wanda Grin ke sayarwa da sunan Statorade, ya cike ɗan gibin da ke tsakanin naɗi da ganga don zafi ya samu hanyar fita.

Batir shi ne ya fi komai tsada, shi ne kuma ya fi cin lokaci. Ƙwayar da aka fi sani ita ce 18650, mai kaurin milimita 18 da tsawon 65, irin wadda ke cikin batirin tsofaffin kwamfutocin cinya da fitilun caji. Kowace volt 3.6 take bayarwa, 4.2 idan ta cika. Don a samu volt 72 sai an jera rukuni 20 a bayan juna, wanda ke kaiwa volt 84 a cike. Kowane rukuni kuma ƙwayoyi ne da dama kafaɗa da kafaɗa, don su raba nauyin wutar. Ɗauki Samsung 30Q, wadda ke iya ba da amfiya 15 ba tare da ta galabaita ba. Goma a kowane rukuni, rukuni 20, ƙwaya 200 ke nan, nauyinsu ya kusa kilo 10, wutar da suka ƙunsa kuma ta ɗan haura kilowat 2 na awa guda.

Haɗa su aikin haƙuri ne. Ba a son liƙa su da dalma, domin zafin ƙarfen liƙi na ratsawa cikin ƙwayar ya lalata ta. Siririn zaren nikel ake shimfiɗawa a kan kawunansu, a ɗora masa tsinke biyu na jan ƙarfe, a taka feda, wuta mai yawa ta wuce cikin ƙiftawar ido ta bar ɗigo biyu na walda. Kowace ƙwaya kai biyu gare ta, kowane kai na bukatar ɗigo huɗu zuwa shida, saboda haka batir guda ya kusa ɗigo dubu biyu. Mai aikin kan gwada da ƙwayar da ta mutu tukuna: ya liƙa, ya kama zaren da filaya ya fizga. Idan zaren ya yage ya bar ɓurɓushi a jikin ƙwayar, waldar ta kama. Idan ya ɓalle sumul, da sauran aiki. A kan kai mai alamar tarawa kuma ana manna zoben takarda mai tauri, saboda a wurin nan abin da ya raba ɓangarorin wutar biyu siririyar leda ce kawai, kuma girgizar hanya na iya sa zaren ya cinye ta. Zoben yatsa da agogo ana cire su a ajiye kafin a fara. Zoben da ya haɗa rukuni biyu jan wuta yake zama a yatsa.

Shi kansa nikel ɗin ba duka ne nikel ba. Kasuwa cike take da baƙin ƙarfe da aka shafa wa nikel a sama, wanda ke hana wuta gudu yana ɗaukar zafi. Gwajin mai sauƙi ne: a karce zaren a jefa cikin ruwan gishiri, a dawo gobe. Na jabu zai yi tsatsa. Ƙwayoyin ma haka. Duk 18650 da aka rubuta wa ƙarfin ɗaukar wuta 9,900 a jiki ƙarya ce tsagwaronta, domin manyan kamfanoni irin su Panasonic da LG da Samsung wajen 3,500 suka tsaya. Araha ba ta ado, a nan kuwa har gida takan ci.

Saman duk wannan ake ɗora allon kula da batir, mai siririyar waya zuwa kowane rukuni. Aikinsa ya tabbatar babu rukunin da ya wuce volt 4.2 wajen caji, babu wanda ya zube ƙasa da kima wajen tafiya, ya kuma yanke wuta idan wayoyi suka haɗu. Ƙwayar litiyam da aka cika fiye da kima, ko aka huda, ko ta yi zafi ainun, takan shiga wani hali da take dafa kanta da kanta, ta kunna maƙwabciyarta, ita ma ta kunna ta gaba. Cikin daƙiƙoƙi ɗaki ya cika da hayaƙi mai guba.

Biranen da suka fi yawan masu kai saƙon abinci a keke sun ɗanɗana wannan. A New York, batiran litiyam sun haddasa gobara 268 a 2023, mutum 18 suka rasu. Huɗu daga cikinsu a dare ɗaya ne cikin watan Yuni, lokacin da wuta ta tashi a wani shagon gyaran keke a unguwar Chinatown ta haura benen da ke samansa. A shekarar ne birnin ya hana sayar da keken lantarkin da ba shi da shaidar gwaji ta UL 2849. A Landan, 'yan kwana-kwana sun ƙirga gobarar keken lantarki 143 a 2023, kuma sun sha nuna yatsa ga kekunan da aka mayar na lantarki a gida, da cajar da ba ta dace da batir ba. Daga ƙarshen Maris na 2025 hukumar sufurin birnin ta hana shiga jiragen ƙasanta da keken lantarkin da ba a naɗewa. A Nanjing ta ƙasar Sin, gobarar da ta faro daga inda ake ajiye kekunan lantarki a ƙasan wani bene ta kashe mutum 15 a Fabrairun 2024. Yawancin waɗannan ba aikin ƙwararrun masu haɗawa ba ne. Aikin wanda ya nemi mafi araha ne don sana'a ta tilasta masa. Amma wuta ba ta tambayar wanda ya yi waldar, dokar da ta biyo baya ma ba ta tambaya ba.

Saura tsayawa. Karo a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. A kilomita 80, mita 25. Birkin roba mai matse rim ba shi da ta cewa a nan. Abin da ake sawa shi ne na faifai mai aiki da mai, faifan mai faɗin milimita 203, irin wanda masu gangarowa daga duwatsu ke amfani da shi, kamar Shimano Saint ko Magura MT5. A haɗa da fok ɗin tayar gaba mai kafaɗa biyu, da fitila ta gaske, da hular kwano mai rufe haɓa.

To a nan sai mutum ya ja da baya ya dubi abin da ya haɗa. Rim na babur, taya ta babur, firam da ba na keke ba, nauyi kilo 50 ko fiye. Abin da ya rage na keke feda ce, ita ma idan gudu ya wuce kilomita 45 sai dai ƙafa ta yi ta wulwulawa a banza. Hukuma ma haka take gani. A Birtaniya, duk abin da ya wuce wat 250 babur ne a idon doka: yana bukatar rajista, da lamba, da inshora, da lasisi, kuma 'yan sanda na ƙwace waɗanda ba su da su. Ƙasar Sin, mai kekunan lantarki sama da miliyan 300, ta tsaurara nata ma'aunin a 2019: kilomita 25 a awa, wat 400, volt 48. Gaskiyar magana, da yawa daga cikin masu haɗa manyan kekunan nan fedar suke bari don ta zame musu rigar ɓuya, su bi hanyar kekuna da ƙarfin babur. Masu tafiya a ƙasa suna da hujja idan suka yi ƙorafi.

A ƙasar Hausa maganar keken lantarki ta fara samun kunne tun bayan 29 ga Mayu 2023, ranar da aka janye tallafin fetur a Najeriya, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a shekarar da ta biyo. Hannun aiki dai akwai shi: masu walda, masu naɗin inji, masu gyaran inbata da na waya. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya riga ya nuna ana iya cire injin fetur daga ƙaramar bas a sa na lantarki. Abu biyu ne za su bambanta mai haɗa keke a Kano ko Maraɗi da takwaransa na Vancouver. Na ɗaya, ƙwayoyin da suka fi sauƙin samu su ne na tsofaffin kwamfutocin cinya, waɗanda aka yi don su ba da wuta kaɗan-kaɗan, kuma kowace da irin gajiyar da ta yi; ɗora musu babban inji ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Suna iya tura keke mai wat 250 ko 500 idan an auna su ɗaya bayan ɗaya an kuma yawaita su. Na biyu, zafi. Kamfanonin ƙwayoyin nan sun ce kada a yi caji idan zafinsu ya wuce digiri 45, a Sakkwato da Maiduguri kuwa iskar watan Afrilu kanta takan haura 40 a inuwa, balle baƙin akwatin da ya wuni a rana. Akwai wani nau'in litiyam mai sinadarin ƙarfe da fosfet, irin wanda ake sawa a batiran sola na zamani, da ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, ya kuma fi yawan kwana. Ya fi nauyi da cin wuri, ƙwayarsa kuma volt 3.2 take bayarwa, don haka mai neman volt 48 sai ya jera rukuni 15 ko 16 a inda wancan 13 suka ishe shi, ya kuma nemi caja da allon kula da aka yi musamman dominsa.